Rasuwar Suruka, Jiniyar Ramin Kwal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai cike da ƙurar kwal, Toktosun, tsohon mahaƙi a rami na huɗu, yana sanar da mutanen Karatash rasuwar jiniyarsu, wadda aka fi sani da Suruka saboda ba ta taɓa barin ɗan kowa ya yi barcin safe ba. Ta cika ranar Talata a kan rufin gidansa, tana tsakiyar magana.

Marigayiyar ta kama aiki a bakin rami tun Toktosun bai fara gemu ba. Da safe takan ce "Wuuu!" maza su gangara cikin ƙasa. Da yamma kuwa ba ta buɗe baki sai mutum na ƙarshe ya fito, sannan ta ja dogon "Wuuuuuu," mata su yi ajiyar zuciya su zuba shinkafa a tukunya. Ranar da muryarta ta riƙa yankewa, "Wu! Wu! Wu!", kowa ya san akwai gidan da ba za a ci abinci ba.

Da aka rufe ramin, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe komai har ƙusa. Ita kam Toktosun ya goya ta ya hau rufi da ita, kuma tun daga ranar bayansa bai sake miƙewa ba. Kullum da hantsi yakan murza hannunta, ragowar tsofaffin rami su fito shagon shayi suna tari. Wanda bai fito ba a je a buga masa ƙofa, don ƙa'idar rami ce: ba a watsewa sai an ga kowa. Da haka aka tarar da ɗayansu, Mamatkul, bara kwance a ƙasa da sauran numfashi. Ga shi nan yanzu yana zagin mutane lafiya lau.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ta fara shaƙewa, man inji ya ƙare, sai babban likitanta, wato Toktosun ɗin dai, ya ɗura mata man girki. Matarsa Burulkan ta ce, "Tsoho, jiniya ce ko albasa? Soya ta za ka yi?" Bai ji ba. Sanyi ya sauko, mai ya daskare, shi kuma ya murza da ƙarfin da bai san yana da saura ba. Ta ce "Wu..." sai ƙaras! Wallahi ya yi kuka, a gaban matarsa ma.

Ta rasu ta bar tsofaffi masu rabin huhu, da karnukan da ke yi mata amshi, da maƙwabci ɗaya da ya zo ta'aziyya yana murmushi, da jikokin da ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba.

Za a ɗauke ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a kai ta zauren makaranta, a kwantar da ita kusa da hulunan ƙarfe da fitilun goshi na mahaƙa da aka adana a can. Ba a gayyaci masu sayen ƙarfe ba. Burulkan za ta dafa shinkafa da ɗan man da likita ya rage.

Daga ranar Asabar, duk wanda ya ji kuka daga rufin Toktosun kamar na jakin da mura ta kama, don Allah kada ya yi jifa, shi ne ya karɓi aikin marigayiyar da bakinsa. Mamatkul ya ce, "Yaya, da wannan huhun naka ko kaza ba za ka tayar ba." Ya yiwu. Amma dai a fito. Wanda bai fito ba za a buga masa ƙofa. Ranar da kukan bai zo ba kuma, an san ƙofar da za a fara bugawa.