Fitilun Darakta Ba Sa Kallon Ƙasa

A gyara zama, jama'a, yau zancen manya za mu yi. Duk unguwar nan, daga bakin titi har ƙarshen kwata, babu mutum irin Darakta. Shi ma ya sha faɗin haka da bakinsa, kuma ai ba a musu da mai abu. Darakta ne na kamfanin hayar kujerun roba da rumfuna, kamfanin da ma'aikatansa suka haɗa da shi, da shi, sai kuma shi. Shi ne manaja, shi ne direba, shi ne mai loda kaya, amma in ka kira shi a waya sai ya ce ka dakata ya tuntuɓi ofis. Ofishin kuwa kujerar gaba ce ta wata tsohuwar a-kori-kura, wadda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Kada dai ka kuskura ka ce mata a-kori-kura a gabansa. Sunanta motar kamfani.

Bawan Allahn nan ya fi kowa yawan kujeru, amma guda ɗaya ce ta hana shi sakat, wato kujerar shugaban ƙungiyar unguwa. Ciwon ya samo asali ne a wani taro. Ya zauna a layin gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ya ji an dafa kafaɗarsa an ce, "Yi haƙuri, ɗan matsa, nan wurin shugaba ne." A kan kujerarsa fa! Kujerar da shi ya sauko da ita daga mota da hannunsa, ya goge ta da tsumma! Ya tashi yana murmushi, amma abin ya tsaya masa a rai, ya ƙi wucewa. Saboda haka ranar da tsohon shugaba ya ce ya gaji zai sauka, kafin ya rufe baki Darakta ya fito takara. Abokin karawarsa kuwa Mai Burodi ne, wani mutum mai yawan gaisuwa, wanda ko akuya ya tarar a hanya sai ya tambaye ta ya gida.

Darakta ya zauna ya yi nazari irin na manya, ya gano abin da ya hana mutane sanin darajarsa. Ba a ganinsa ne. Da yamma, lokacin da yake dawowa daga kwaso kujeru, lokacin ne kowa yake zaune a ƙofar gida, shi kuwa sai ya shigo layi da fitilu jajaye, raunana, kamar idon mai zazzaɓi. Ta hagu ma sai an mare ta take kamawa. Yaya za a yi jama'a su zaɓi mutumin da yake shigowa unguwa kamar mai neman gafara?

Washegari ya dira a shagon mai sayar da kayan mota. Mai shagon ya kalle shi sama da ƙasa, ya san kasuwa ta yi kyau, ya zaro wani kwali mai sheƙi. "Ranka ya daɗe, waɗannan ƙwayayen LED ne. Fari ƙal. Ba kowa nake nuna wa ba, sai wanda na ga ya isa." Darakta bai ko nemi ragi ba, don neman ragi ba na wanda ya isa ba ne.

Shi da kansa ya ɗaura su, a ƙofar gida, cikin fararen kaya. Ya ɗaga murfin injin ya tokare, ya cire tsofaffin ƙwayayen ya ɗaga su sama don masu wucewa su gani, ya yi musu jawabi.

"Ku dubi wannan. Wannan shi ne jiya. Al'ummar da ba ta da haske ba ta da alƙibla, kuma alƙibla ba a sayar da ita a kasuwa, sai an samu jagora. Ni dai ban ce komai ba."

Da duhu ya fara, ya juya motar ta fuskanci katangar gida, ya kunna. Tabarkalla! Har ƙwarin da ke yawo sai da suka rikice. Amma Darakta ya ɓata rai, domin hasken a ƙasa ya sauka, a gindin katanga, inda duk fitilar mota mai hankali take sauka don direba ya ga rami.

"Ni na sayi fitila mai tsada don ta haska mini kwata? Ina aka taɓa ganin babban mutum yana tafiya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da makulli?"

Ya laluba bayan fitilar, ya samu ɗan sukurun da ake saita ta da shi, ya sa sukundireba ya yi ta murɗawa. Hasken ya fara hawa katanga. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji. Sai da ya kai daidai fuskar mutum sannan ya tsaya, ya yi wa ɗaya fitilar ma haka, ya karkaɗe hannu.

"Yawwa. Yanzu zan ga fuskar mai gaishe ni, shi ma ya san wanda yake gaisarwa."

Kai, abin da ya faru a yammacin farko, ko a mafarki Darakta bai taɓa ganinsa ba. Yana karyo kwana ya shigo layi, masu hira a ƙofar shagon aski suka ɗaga hannu gaba ɗaya, kamar an ba su umarni. Ba ɗagawar ganin dama ba, a'a, hannu har saman goshi. Tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ɗaga hannu biyu har da faranti. Wani mai babur ya ɗaga hannu, ya saki hanya, ya gangara cikin kwata, Darakta ya ce a ransa ka ga ɗan da ya san girman manya. Bakunansu duk suna motsi. Gilashinsa a rufe yake, rediyo na tashi, amma ai ba sai an gaya masa ba, addu'a ce suke yi masa. Shi kuwa ba butulu ba ne, sai ya mayar musu da gaisuwa ta hanyar ƙara babbar wuta. Nan take hannayen suka ƙara yin sama.

Can gaba, wa zai gani? Mai Burodi da kansa, tsaye a ƙofar shagonsa, hannu a sama! Darakta ya daki sitiyari ya yi ihu shi kaɗai. Abin nema ya samu, domin a ƙungiyar unguwa da ɗaga hannu ake zaɓe. To me ya rage?

Ya isa gida yana rawa a kan kujera. Matarsa, wadda ita ke buɗe masa ƙofa kullum, ta buɗe da mayafi a kan fuskarta. Wannan ma ya yi masa daɗi. Shekara da shekaru suna tare, ga shi yau kunyarsa ta dawo mata sabuwa.

"Uwar yara, kin ga layi kuwa? Kin ga hannaye? Ko ƙidaya ba sai an yi ba!"

Ta ajiye masa ruwa, ta ce a hankali, "Baban yara, wai ka taɓa tsayawa a gaban motar nan in tana kunne?"

"Ni? Me zai kai ni gaba? Shugaba a bayan haske yake zama, jama'a ne a gaba. Ke dai ba ki san siyasa ba."

Ta ce, "Haka ne," ta koma kan girkinta.

Daga ranar Darakta ya ajiye yawon neman goyon baya. Mai Burodi na bin gida gida yana gaisuwa, yana duba marasa lafiya, Darakta kuwa yana dariyarsa, don wahalar banza ce. Shi aikinsa ɗaya: da rana ta faɗi sai ya tada mota ya zagaya layi ba gaira ba dalili, ko babu kujera ɗaya a baya, ya karɓi hannayensa ya koma gida. In ya ga wata kusurwa ba ta ɗaga sosai ba, sai ya dawo ya sake bi ta kanta. Masu hira suka fara shigewa gida da sun ji ƙarar injinsa, ya ce kwarjini ne. Aka laƙaba masa suna Tsakar Rana, labari ya kai masa, ya sa aka rubuta a bayan mota da jan fenti. Wanzamin layin ya taɓa tare shi da rana ya ce, "Darakta, game da fitilun nan naka..." Bai bar shi ya ƙarasa ba. "Na sani, na sani. Ba sai kun gode ba. Aikinmu ne."

Ana gobe zaɓe, tausayi ya kama shi, ya taka har shagon Mai Burodi.

"Ɗan'uwa, shawara na kawo maka, don ba na son ka ji kunya a gaban iyalinka. Ka janye. Zan ba ka mataimaki. Kai kanka ai na ga hannunka jiya."

Mai Burodi ya ce, "Ƙwarai kuwa, na ɗaga. Ya gida? Ya yara?" Ya miƙa masa burodi mai zafi. Darakta ya karɓa a matsayin mubaya'a, ya cinye a hanya.

Aka taru a filin makaranta bayan faɗuwar rana, maza da mata, kowa a kan kujerar Darakta. Shi ya kawo su, shi ya jera su, ya ware ta gaba ya goge ta sau biyu. Magatakardan ƙungiya, wani dattijo mai tabarau, ya miƙe zai buɗe taro ke nan, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Wuri ya yi duhu, aka fara cewa a ɗaga zaɓen zuwa wani mako. Zuciyar Darakta ta yi tsalle don murna. Ashe don rana irin ta yau ya sayi fitilunsa!

"Kowa ya zauna! Muddin ina raye, unguwar nan ba za ta kwana cikin duhu ba!"

Ya ruga ya tado motar kamfani, ya kawo ta bayan teburin shugabanni, ya saita ta tsaf a kan jama'a, ya kunna har da babbar wuta. Hannaye suka tashi, tun daga layin gaba har na baya, babu wanda ya rage. Darakta ya leƙo ta taga yana buga ƙofa.

"Magatakarda, ƙirga! Ƙirga, kada su gaji!"

Magatakarda ya ce, yana share hawaye a ƙarƙashin tabarau, ai ba a fara zaɓe ba tukuna. Mutane kuma, ba tare da an yi shawara ba, kowa ya ɗaga kujerarsa ya juya wa motar baya, suka fuskanci bangon aji. Magatakarda ya tsaya a jikin motar, a bayan jama'a, don nan ne kaɗai mutum zai iya buɗe ido. Ya ce 'yan takara su wuce gaba su tsaya kowa ya gan su.

Darakta ya sauko ya ratsa tsakiyar jama'a, haske a bayansa. Sai ya ga inuwarsa a jikin bangon aji. Allahu Akbar! Kai har rufi, kafaɗa daga taga zuwa taga. Ya tsaya ya riƙe ƙugu da hannu biyu, inuwar ma ta riƙe, ta ƙara faɗi. Ya ɗan juya gefe don ya ga tumbin. Yana cikin wannan sha'ani ya ji Magatakarda ya ce, "Masu son Darakta su ɗaga hannu." Bai waiwaya ba, bai kuma saki ƙugu ba. Wanda yake da hannayen unguwa duka, me zai yi da nasa? Ya ji wurin ya yi tsit, ya ce a ransa ƙidaya ce take ba dattijon wahala.

Da ya ga ya ba su isasshen lokaci, sai ya gyara wuyan riga, ya shirya murmushin da ya kwana yana gwadawa, ya juyo a hankali don ya karɓi jama'arsa. Daidai lokacin Magatakarda ya ce, "Masu son Mai Burodi su ɗaga hannu."

Wayyo! Hasken ya dake shi a ido kamar an watsa masa barkono. Bai ga jama'a ba, bai ga mota ba, bai ga komai ba sai fari. Kafin ya san abin da ake ciki, hannunsa na dama ya tashi da kansa, har saman goshi, bakinsa kuma ya fara motsi. Abin da ya fito daga bakin ba addu'a ba ce.

A nan, a ƙarƙashin hannunsa, ya tuna masu hira a shagon aski. Ya tuna tsohuwa da farantinta, da mai babur a cikin kwata, da mayafin matarsa. Ya so ya sauke hannun, idon ya ce bai isa ba.

Magatakarda ya gyara murya.

"Darakta, hannu ɗaya, na mai ɗakinsa. Allah ya saka mata. Mai Burodi, sauran jama'a duka, har da Darakta. Mun gode da wannan dattaku."

Fili ya kaure da tafi da shewa. Darakta ya laluba da hannun hagu, ya samu wata kujera ya zube a kai, na daman har yanzu yana sama. Bai gama sauke numfashi ba ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Yi haƙuri, ɗan matsa, nan wurin shugaba ne."