Baƙin Duƙushin Alhaji Barau

Wani attajiri ne a Zariya, Alhaji Barau mai taya, Allah ya jarabce shi da son dawaki. Da kasuwa ta yi masa kyau sai ya ce shi ya wuce dokin gida, ya aika har Sifaniya aka ɗauko masa ingarma da goɗiya, dukansu kili, farare tas kamar an wanke su da madara. Kowanne ya zo da takardar asalinsa, uwa da uba da kakanni a jere. Mahaifiyarsa Iya Yalwa, tsohuwa mai ran ƙarfe da ke zaune a sashenta kusa da barga, ta duba ta ce ita ko sunan kakan kakanta ba ta sani ba, ga doki da fasfo. Ta sa musu albarka dai, ta koma kan tabarmarta.

Goɗiya ta ɗauki ciki. Alhaji ya cika majalisa da labari, wai da zarar ta haihu za a aika wa ƙungiyar masu dawakin can, a rubuta sunan ɗan a cikin dangi. Ranar da ta sauka kuwa, sai ga duƙushi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Nan take Alhaji ya tuna bara, lokacin da akawal ɗin maƙwabcinsa Malam Jibo, wani baƙin ingarma, ya tsinke igiya ya faɗo musu gida. Ya sa aka kamo dokin aka ɗaure a turkensa, ya ce ko a dandaƙe shi yau, ko a haɗu a kotu. Malam Jibo bawan Allah, dokin nan shi kaɗai gare shi, kuma da shi mutanen ƙauye suke zuwa neman iri. Kotu kuwa ko ƙofarta bai taɓa takawa ba.

Iya Yalwa tana lazimin hantsi hayaniya ta hana ta sakat. Ta ja carbinta ta fito tana dogara sanda. Ta tarar da likitar dabbobi, Dakta Rakiya, an kira ta da kayan aiki, amma ta ajiye jaka ta tsuguna gaban duƙushin tana buɗa masa ido.

"Alhaji, wallahi ko minti biyar bai yi a gidan nan ba," in ji Malam Jibo. "Harawa kawai ya ci."

"Harawa? Ga harawar nan tsaye da ƙafa huɗu!"

Dakta Rakiya ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri ka zo ka gani. Ga fararen gashi sun zagaye masa ido kamar tabarau. Irin waɗannan dawaki ba a haifar su farare. Da duhu suke zuwa, sai su riƙa yin furfura a hankali, shekara kan shekara, har su koma kamar iyayensu. Abin a jini yake. Uban nan nasa da kake gani, shi ma haka aka haife shi."

"Dakta, aikin da na kira ki daban."

"To a tsige gashin gezarsa kaɗan a aika wa ƙungiyar can ta Sifaniya mana. Ai dama sai sun gwada kafin su rubuta shi. Su za su faɗa maka ubansa."

"In aika wa Turawa abin kunyata da hannuna? Su zauna su yi ta dariya, su ce goɗiyarsu ta zo Zariya ta lalace?" Ya buga ƙafa. "Ni ba yaro ba ne. Fari ba ya haifar baƙi, ko a ina!"

Iya Yalwa ta dubi Malam Jibo, ta ga idonsa ya kawo ruwa, yana shafa wuyan dokinsa. Ta dubi duƙushin, ya lallaɓa ƙarƙashin uwarsa yana tsotso, babu ruwansa da takarda. Sai ta gama jan carbin da ke hannunta, ta shafa.

"Barau."

"Na'am, Iya. Ki koma ciki, rana."

"Cire hularka."

"Iya, a gaban mutane?"

"Ni na ce ka cire."

Alhaji ya cire. Kai fari fat, ko silin baƙi babu. Dakta Rakiya ta sunkuyar da kai tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara.

Iya ta ce, "Lokacin da na auri babanka, kansa haka yake, har gemu. Da na haife ka, ungozoma ta miƙa masa kai da suma baƙa wuluk. Ya karɓa ya yi maka huɗuba, ya ce Alhamdu lillahi."

"Iya, ai wannan daban..."

"Daban ne mana. Allah ya ji ƙan babanka. Da irin hankalinka gare shi, da maza sun ƙare a unguwarmu."