Turai a Bakin Almakashi

"...lafiya lau, tsoho. Ina taswirata?"

"Ko gaisuwar ba za ki ƙarasa ba? Illar auren 'yar boko ke nan."

Yayata ce da kakanmu, a shagonsa na ɗinki. Siyasar Turai take karanta a jami'a, kuma ƙarfe biyu za ta tsaya gaban aji ta yi bayanin iyakokin ƙasashen, maki ashirin a kai. Jiya ta bar masa babbar taswirarta ya ɗinke gefenta da ƙyalle kada ta yage. Ni rakiya na yi. Daga benci na hango Italiya kwance a kan yadi, an kafe ta da fil.

"Wancan mene ne?" in ji ta.

"Hannun riga. Takarda mai kauri, na daɗe ban samu irinta ta fitar da fasali ba."

"Ka yanka Turai?"

"Ke kika ce su ma sun sha yanka ta. Su da bindiga, ni da almakashi. Wa ya mutu a nawa?"

"Ni, ƙarfe biyu."

"Sai in auri ƙanwarki, ga ta nan, ba ta da surutu."

Na sunkuyar da kai.

"Wa zai aure ka? Haƙori uku, biyu ma 'yan adawa ne."

"Gwamnatin haɗaka suka kafa. Kawo nama ki gani."

Ya tattaro guntayen, ya hau keke, ya zura jan zare.

"Tsaya, ka manna Sifaniya da Polan."

"Gaba suke yi?"

"Ba maƙwabta ba ne."

"Yanzu sun zama. Su yi haƙuri da juna, kowa haka yake zaune."

"Swizalan kuma ba ta da teku."

"Na ba ta. Ragowa ce, zubarwa zan yi."

"Ina Birtaniya?"

Ya sosa ƙeya. "Tana cikin kwalar rigar wani direba, don kwalar ta tsaya. Da safe ya karɓa."

Yayata ta ɗaga kafaɗa. "Wannan bar ta, dama ta fita daga Tarayyar Turai."

Ta tsaya a kansa tana nunawa, yana warwarewa yana sake haɗawa, yana mitar ko amarya ba ta taɓa wahalar da shi haka ba. Ƙarfe ɗaya da kwata ya ɗaga taswirar. Ban da Birtaniya, kowace ƙasa ta koma mazauninta, sai dai jan ɗinki ya ratsa Faransa gida uku.

"In malami ya tambayi wannan jan layin fa?"

"Ki ce iyakokin baɗi ne. Mijinki ya riga su sani."

Ta yi ta cijewa, sai dariyar ta ƙwace mata.

"Ka ci, tsoho."

Ya zaro doguwar rularsa ta katako, wadda ba ya barin kowa ya taɓa, ya miƙa mata.

"Ki yi nuni da wannan. Yatsanki rawa yake yi, kada ki nuna Jamus ki tsokano Rasha."