Darar Wake ta Malam Tanimu

Da sunan Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Wannan tarihin Malam Tanimu ne ɗan Barau ɗan Jatau, jikan Sarkin Noman da ya ɗaure dami dubu bai kira gayya ba, Barden Fartanya, Sadaukin Alli, malamin aikin gona na firamaren Kurmin Ɗorawa, wanda ya gaji komai na kakanninsa in ban da gonar.

A farkon daminar da ake magana, shugabar makaranta, Malama Kubura, ta ba shi wa'adi. Tunda yara ba sa shiga lambun makaranta sai an kora su, in zangon karatu ya ƙare a haka, za a shafe lambun da siminti a yi rumfar ajiye babura.

Gwarzon bai girgiza ba, ko da yake shaidu sun ce ya nemi kujera. Ya shiga halwa a ofishin malamai, ya fito da hikimar da ba a taɓa jin irinta ba daga bakin kasuwa har tashar mota: dara, amma ta manoma. Ya haƙa gurabe a tsakiyar lambu, ya tsara dokoki masu tsawo da hukunce-hukunce masu tsanani, cikinsu har da cewa wanda ya jera uku sai ya faɗi lokacin shukar gero kafin ya ci ɗan abokin karawarsa. Maimakon tsakuwa da kara, 'ya'yan darar iri ne na gaske.

Rundunar farko gyaɗa ce. Ranar gwabzawa ya jera ta a filin daga, ya fuskanci 'yan aji huɗu, ya ɗaga murya: "Kowa ya kama gurbinsa!" Kafin ya kai ƙarshen doka ta farko, an gama da rundunar baki ɗaya, ba a bar komai ba sai ɓawo. Da aka titsiye yaran, suka ce kaji ne. Bakinsu a cike yake lokacin da suke ba da wannan bayani.

Namiji bai karaya ba. Ya sake ɗamara, ya kawo ɗanyen wake, fari da ja, mayaƙan da haƙorin ɗan aji shida ma ke shakka. Yaran suka zuba kowa a gurbinsa, suka saurari doka ta farko cikin hamma. Aka kaɗa ƙararrawar tara, suka kwasa da gudu zuwa filin ƙwallo, suka bi ta kan darar, suka binne dakarun da ransu. Jarumin ya tsaya shi kaɗai cikin kufai. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Bayan kwanaki Malama Kubura ta iso da magini da igiyar awo. Suka tarar babu wurin sa ƙafa. Waken ya tsiro reras, layi-layi, kowane yaro kuma ya tuna gurbinsa. Wasu na ɗibar ruwa a gwangwani, biyu na kokawa kan iyaka, wata yarinya mai suna Hansai ta kewaye nata da ƙaya.

Shugabar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa magini ya naɗe igiyarsa. "Malam Tanimu, lambunka ya tsira."

Sai Barden Fartanya, magajin Barau, mai cin gari ba kibiya, ya tako tsakiyar fili, ya gyara hula, ya yi gyaran murya don kammala isar da saƙo. "Doka ta biyu," in ji shi.

Hansai ba ta ɗago kai ba. "Malam, don Allah ɗan matsa. Kana taka mini wake."

Ya matsa. Binciken da aka yi ya nuna har yau babu yaron da ya san yadda ake wasan. Sai dai sun amince da malamin a matsayin mai korar awaki lokacin tara.