Mato da Rabon Hanyar Intanet

A layin masu haya na bayan kasuwar Kura akwai wani manomin rani, Mato, da matarsa Kulu da 'yarsu Saratu. Mutumin kirki ne, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Saratu za ta yi ganawar neman aikin ungozoma ta bidiyo ran Alhamis, ga intanet ɗin gidan sai yankewa yake. Abin ya hana Mato sukuni.

Wata rana ya je wurin Lawwali mai gyara kan batun na'urar da ke ba gidan intanet. Lawwali ya ce, “Na'urar nan tana son wuri mai tsayi.” Mato ya cire ta daga wuta, ya ɗaure ta a ƙololuwar darbejiya. Kulu ta ɗaga kai ta ce, “Malam, wutar fa? Tsuntsaye za su ba ta?”

Wata rana kuma Lawwali ya ce, “Na'urorin maƙwabta ne ke damun taku, nisanta ta da su.” Mato ya ɗora ta a keke har gona, ya kafa mata rumfa cikin tumatir. Saratu ta yini da waya a hannu, har ta yi ƙwalla.

Ran Laraba Lawwali ya zaunar da shi. “Baba, kowace na'ura da hanyar da take bi, daga ta ɗaya zuwa ta sha ɗaya. Duk layinku kun cunkushe a ta shida. Sai an raba.” Nufinsa a sauya ta Mato kaɗai. Amma Mato a gona ya san rabo, kuma ba a raba ruwa sai kowa na wurin. Ya bi gida-gida yana cewa, “An ce a kawo,” ya cika buhu da na'urori tara. Da masu gidajen suka dawo, suka biyo shi shagon Lawwali da hayaniya.

Lawwali ya dubi buhun, ya yi dariya har da riƙe ciki. Sai dabara ta faɗo masa. Ya jera su yadda gidajen suke, ya sa wannan a hanya ta ɗaya, ta kusa da ita a ta shida, ta gaba a ta sha ɗaya, ya sake zagayowa.

Ran Alhamis Saratu ta yi ganawarta ko sau ɗaya intanet ɗin bai yanke ba, aka ɗauke ta. Maƙwabta suka zo godiya, nasu ma ya gyaru.

Mato ya share ƙwallar murna, ya ce, “Ni fa ruwa na ga ana rabawa haka.”