Kwastoman Farko na Shagon Kawu

Ni na buɗe wa Kawu shagon busasshen kifi a intanet, bayan na kalli bidiyo har na fara jin kaina injiniya. Kwatsam sai ga oda: wani Alhaji Tanko yana son kwando guda. Na baza a majalisa cewa kifin Tiga ya shiga duniya.

Kawu ya zaɓo manyan tarwaɗa, aka ɗaure, mai babur yana jira. Ya kwafi lambar Alhajin daga kwamfutata, ya kira. Sai wayar da ke aljihuna ta ɗauki ƙara. Ashe odar gwaji ce da na yi da sunan bogi, na manta.

Kawu bai yi faɗa ba. Har yau dai in na shigo, sai ya gyara zama: "Alhaji Tanko, barka da zuwa. Kwando nawa za a ɗaure?"