Yadda Za Ka Gwada Allon Mota Ba Ka Ɓata Wa Injiniya Rai Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu injiniyan da zai kashe waya yana jin haushinka. Shaidata Sallau, direba mai jigilar tumatir daga Jiratawa zuwa Maraɗi. Abin da ya fi tattali a duniya sunansa ne, shekara ashirin a tasha ba a taɓa zaginsa ba.

1. Karɓi baƙo hannu bibbiyu

Wani kamfani ya liƙa wa Sallau allon gwaji kusa da sitiyari, mai nuna hanya da kunna rediyo. Injiniyarsu Malika tana Yamai, tana kallonsa ta waya yana tuƙi. Ka tuna, baƙuwa baƙuwa ce ko a cikin waya take, kuma ba a kushe abin da baƙo ya kawo.

2. Haɗiye wahalarka

Maɓallan kamar ƙwayar wake suke, yatsun Sallau kuwa na ɗaure kwanduna ne. Ya nemi taswira, rediyo ya kama. Malika ta tambaya ko kuskure ne, ya ce ai dama labarai yake son ji.

3. Ɗora wa rezo

Allon ya ce ya karya dama, daman kuwa gulbi ne. Sallau ya bi hagu abinsa, ya ce mata rezo ne ya yanke, wato sabis ɗin waya. Rezo ba shi da dangi, ba mai rama masa.

4. In an roƙe ka gaskiya, ƙara yabo

"Baba Sallau, don Allah faɗa mini aibinsa. Aikina ke nan."

Tausayinta ya kama shi, yarinya ta sha wahala.

"Ɗiyata, ko ni na ƙera shi, iyakarta ke nan."

5. Zauna ka girbe

Bayan wata uku aka sa allon a motocin tasha, aka ce Sallau ya gwada ya yaba. Direbobi suka raɗa wa allon sunansa. Ranar da allon ya kai Gado, aminin Sallau, cikin gonar albasa, har Tibiri aka ji labarin yadda Gado ya ja wa "Sallau" Allah ya isa. Yanzu kullum sai an zage shi a mota talatin, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Gargaɗi: alkawarin injiniya na yi maka, ban ce komai a kan tasha ba. Kada a kawo mini ƙara. Ko Sallau bai kawo ba, shekaranjiya ma an ji shi a hanyar Jiratawa yana zagin allon, da sunan da kowa ke kiransa.